Askin Wardi

A Gubaira, unguwar garejoji da tsofaffin gidaje a kudancin Riyad, duk Bahaushen da ka tare ka tambaye shi yaushe zai koma gida, amsar ɗaya ce: baɗi in Allah ya yarda. Wanda ya sauka jiya haka zai ce, wanda gemunsa ya yi fari a bakin sitiyari ma haka zai ce, kuma ko kaɗan ba ya jin ya yi ƙarya. Saboda wannan baɗin ne ba a sayen kujera mai nauyi, ba a kafa ƙusa mai zurfi a bango, akwatuna suna jibge a kan kwaba sai ka ce gobe za a tashi. Shuka kuwa ba a ma zancenta. Wanda ya binne wani abu a ƙasa ai ya faɗa wa duniya cewa zama ya zo yi, kuma a Gubaira wannan abin kunya ne.

To, sai ga Basiru direba ya yi shuka. A yi masa adalci, ba da niyya ya yi ba. Duk shekara in zafi ya tsananta yakan kai iyalin kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki kuma iƙamarsa, takardar izinin zama, ke hannunsa, can Ɗa'ifa kan duwatsu su sha iska. A wata dawowa matar kafilin ta sayo dashen wardi na can, irin na dā wanda tsofaffi ke tatsar turare daga furensa, ba irin na shagunan yanzu mai kyan gani babu ƙamshi ba. Tukunya ɗaya ta fashe a bayan mota, matar ta ce a zubar. Basiru kuwa ba ya iya zubar da abin da aka sayo, ko da bai san amfaninsa ba. Ya kawo shi gida, ya tura shi cikin ɗan ramin da ke tsakar gidan hayarsu, inda aka taɓa tumɓuke kututturen dabino, ya juye masa ragowar ruwan buta.

Ranar Juma'a zaman shayi ya faɗo gidansa, don mazan layin zagayawa suke yi. Harouna, mutumin Maraɗi mai gadin wani sito, shi ya fara hango dashen.

"A'a, Abu Amir, ashe ka zama ɗan ƙasa ba mu ji ba? Har da lambu. Saura ka sayi raƙumi."

Aka bushe da dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, Turai matar Basiru, wadda ke bayan labulen kicin tana zuba ruwan zafi a fulas. Ta daɗe a Riyad tsakanin bango huɗu, kuma abin da ke cin ranta kowa ya san shi. Mahaifiyarta, Iya Hansai, tana can Gumel idanunta sun fara dusashewa. Likita a Kano ya ce ba irin ciwon da ake kankarewa ba ne, a hankali ganin zai tafi. 'Ya'yan Turai biyu, Amir da Khairat, rabon tsohuwar da su tun suna goye. Turai so take ta kai mata su ta kalle su da idonta tun akwai sauran idon.

"Baban Khairat," ta ce daga bayan labulen, muryarta ba sama ba, "in zama muka zo yi a faɗa min, in daina ninke kaya a akwati."

Ga dariyar maza a gaba, ga muryar mata a baya. Bakin Basiru ya riga hankalinsa.

"Wallahi, na rantse da Allah, ranar da wardin nan ya yi fure mun tattara mun koma gida gaba ɗaya. Ku ne shaida."

Malam Zainulabideen, ɗalibin jami'a wanda ya daɗe yana gab da kammalawa, ya ajiye kofinsa ya ce rantsuwa ta ƙullu, babu wasa a cikinta. Basiru ya gyaɗa kai hankali kwance. A lissafinsa, tsiron kan dutse ba zai yi mako guda ba a zafin Riyad da ke narka silifa a kan kwalta. Abin da bai saka a lissafin ba shi ne matar da ya aura.

Tun daga washegari Turai ta karɓi wardin. Ruwan famfo ta ce yana da gishiri, don haka ta kafa bokiti a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, tana tara abin da ke ɗiga ta ba shi safe da yamma. Ta yaga tsohon zanenta ta yi masa rumfa. Ganyen shayin da aka dafa nasa ne, ɓawon ƙwai ta daka masa. Ta tasa Basiru a gaba sai da ya je kasuwar dabbobi ya ɗebo mata kashin tumaki, a motar kafili kuwa, ya wuni yana fesa turare yana Allah ya isa a cikinsa. Mariamou matar Harouna ta ce ko jinjirin wata bakwai ba a yi masa wannan hidimar. Har hira Turai take yi da wardin in gida ya yi shiru, don shi kaɗai ne a gidan in ta yi masa Hausa ba ya mayar mata da Larabci.

Zafi ya wuce, wardi bai mutu ba. Sanyi ya shigo ya zubar da ganye, Basiru ya fara murna a ɓoye, sai ga shi ya sake tohowa, jajayen tsirrai ta ko'ina. A nan ne hankalin Basiru ya tashi.

Kada a ce mugu ne. Tsoro yake ji, kuma tsoron nasa yana da dalili. In ya je hutu Gumel, shi kaɗai yake zuwa da tikitin kafili, kuma can sunansa Alhaji Basiru Riyad. Farar jallabiya, ƙamshin turaren itace, a ba shi sahun gaba a masallaci, a ɗaura aure a ce ya sa albarka. Ya sani sarai ranar da ya koma gaba ɗaya, kafin turaren ya ƙare a kwalba ya koma Basiru direba, yana neman wanda zai ba shi mota a tasha. A Riyad yaron kafili ɗan firamare yana iya daka masa tsawa, amma ai ba a gaban mutanen Gumel ba ne.

Wata safiyar Juma'a, sanyi ya fara ja da baya, kan kowane reshe ya fara kumbura, sai ga Basiru ya fito da sabon almakashi da ya sayo a kasuwar Dira.

"Aski za a yi masa," ya ce. "Haka masu gonakin Ɗa'ifa suke yi. In ba a aske shi ba, ganye kawai zai yi ta yi."

"Ka gani da idonka?"

"Ni da nake zuwa duk shekara?"

Gaskiya ne yana zuwa duk shekara, kuma gaskiya ne masu gonakin suna sare wardinsu. Sai dai su a tsakiyar sanyi suke yi, sau ɗaya, daga nan ba mai ƙara taɓa shi sai ya yi fure. Basiru ya san wannan, don ya tambaya da kyau. Turai kuwa Ɗa'ifa a bakinsa kawai take jinta. Ta ɗauko masa kujera, ta riƙe masa tire. Ya saka tabarau, ya yi bisimilla, ya bi kan rassan nan ɗaya bayan ɗaya yana tsinke duk inda ya kumbura, yana zubawa a tiren. Da ya gama ta ce Allah ya saka da alheri, ta ƙara masa da kunun gyaɗa.

Haka aka yi wannan shekarar, haka aka yi ta gaba, da ta gaba da ita. Wardi ya girma ya fi Amir tsawo, ya cika kusurwar tsakar gida, kore shar, ga ƙaya mai kama shanya. Fure dai ko na rantsuwa babu. Kowace shekara da dalilinta a bakin Basiru: bana bai kai ba, bana ƙura ta yi yawa, bana sanyin bai yi sanyi ba. Mariamou ta ce ƙila namiji ne aka ba su. Malam Zainulabideen ya aiko da nasiha a kan haƙuri, da Larabci mai nauyi wanda ko Larabawan layin ba sa yi.

Duk Juma'a da yamma Turai takan kira gida da bidiyo, a wayar ƙaninta Buraima. Da farko Iya Hansai tana ganin fuskoki, har takan ce Amir ya ɗebo goshin kakansa. Daga baya sai ta riƙa kai wayar dab da hancinta. Daga baya kuma ta fara kiran Amir da sunan Khairat, yaran su yi dariya su gaishe ta da Hausarsu mai kama da tauna tsakuwa, su gudu. Tsohuwar ta san zancen rantsuwa, don haka takan tambayi wardin kamar wani ɗan'uwa da ke kwance.

"Ya mai jikin naki?"

"Da sauƙi, Iya. Baban Khairat yana ta ƙoƙari a kansa."

A watan Maris na shekarar 2016 tankin ruwan da ke jingine da bango kusa da wardin ya fara yoyo. An riga an yi askin shekarar. Turai ta durƙusa za ta tura roba ƙarƙashin tankin, sai ƙaya ta kama mata ɗankwali. Ta leƙa. Wani siririn reshe ne ya bi ta tsakanin tanki da bango, inda ido ba ya kaiwa balle almakashi. A kansa akwai 'yan ƙulle-ƙulle koraye, irin waɗanda take tara wa Basiru a tire duk shekara sak, sai dai waɗannan sun fi girma. Ɗaya ya tsage, wani abu ruwan hoda yana leƙowa.

Turai ta zauna daɓas a kan siminti, ruwan tanki yana jiƙa mata zane ba ta ji ba. Ba ta buƙaci kowa ya yi mata bayani ba. Ba yankan ne ya fi ƙona mata rai ba, tiren ne. Ita ta riƙe shi, da hannunta biyu, ita ta kai ta zubar a shara, ita ta dama kunun gyaɗa. Ta ji kunya, ta ji baƙin ciki, sannan wani fushi mai sanyi ya sauko ya zauna mata a ƙirji.

Ta ɓoye wa Basiru abin da ta gani. Ta jingina tsohuwar tabarma a bakin wurin, ta kife bokiti a gaba. Da ya dawo ta yi masa sannu da zuwa, ta zuba masa abinci har da ƙarin nama. Ya ce yau ko lafiya, ta ce lafiya lau. Kullum in ya fita sai ta ɗaga tabarmar ta duba, ta mayar.

Safiyar da furen ya buɗe, ƙamshin ne ya fara faɗa mata, tun kafin ta ɗaga tabarmar. Ta jira Basiru ya tafi kai 'ya'yan kafili makaranta, sannan ta kira Mariamou, wadda in labari ya shiga kunnenta ya fi a faɗe shi a lasifikar masallaci. Kafin azahar matan layin sun zo sun durƙusa bayan tanki bi da bi, sun shinshina, sun ɗauki hoto. Kafin la'asar hoton ya isa Gumel. Ya kuma isa wayar Basiru daga Harouna, da 'yar addu'a a ƙasa, Allah ya sauke ku lafiya.

Basiru ya shigo gida ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tarar an kawar da tabarma, an share wurin, akwati biyu suna buɗe a tsakar ɗaki. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon furen, guda ɗaya tal, bai kai tafin hannun yaro ba.

"Wannan reshen ya tsere wa aski," ya ce a hankali.

"Ni ma na lura, Baban Khairat. Shi kaɗai ya tsere, shi kaɗai ya yi."

Ya ɗago ya dube ta, ta dube shi. Ta juya ta koma wajen akwatunanta, kuma a daren nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Da abin ya tsaya a gidan Basiru, da mazan layin sun yi masa dariya sun raka shi filin jirgi. Amma bai tsaya ba. Kowace mace a layin ta koma gida da ƙamshin wardi a hanci da tambaya a baki. Matar wani ta sauko da akwatunanta ita ma, wai tana kaɗe ƙura. Mariamou ta tsare Harouna a ƙofa ta ce shi ma sai ya shuka wani abu ya rantse a kai, da ƙyar ya samu ya fita bayan ya yi alkawarin sa a kawo masa irin kuka daga Maraɗi. Ranar Juma'a da aka haɗu shayi a gidan Basiru, fuskokin mazan nan sai ka ce zaman makoki.

Malam Zainulabideen ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce rantsuwa abu ne mai girma, kuma shi da kansa ya shaida wannan. Amma addini sauƙi ne. Wanda ya rantse zai yi abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, yana iya bari ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. To yanzu a duba: yara suna tsakiyar karatu, an sabunta iƙama ba da daɗewa ba, gida kuma kowa ya san yadda ake ciki. Shin tafiya ce alheri ko zama?

"Zama," in ji mazan, kusan baki ɗaya.

Basiru ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce shi wallahi ya so tafiya. Malam ya yi sauri ya ce masa ya daina wallahin nan haka, ɗaya ma ga inda ta kai su.

Saura miskinai. Wani ya ce a ina za a samo miskinai goma a Riyad waɗanda za a amince su shigo gida? Aka dubi juna. Harouna ne ya warware.

"Mutumin da yake ƙasar wani, takardarsa a hannun wani, in aka ce ya tashi ya tashi, in ba miskini ba mene ne?"

Kai, ka ga ikon Allah. Mazan da kowannensu Alhaji ne a garinsu, wasu har da sunansu a jikin masallacin unguwa, nan take suka zama miskinai, har ana rige-rigen shiga cikin goman. Malam ya ce ciyarwar daga matsakaicin abin da iyali ke ci ne. Aka yi shawara aka tsayar cewa matsakaicin shi ne kabsa, shinkafar Larabawa, da naman rago, a haɗa da tuwo miyar kuka don tuna gida.

Turai tana bayan labule, duk ta ji. Wa zai dafa? Ba a ma tambaya ba, don an sani. Ta yi tunanin ta ƙi. Ta yi tunanin ta kwashi 'ya'yanta ta kama hanya, amma wace hanya? Iƙamarta a ƙarƙashin ta Basiru take, izinin fitarta da na yaran sai ya danna a wayarsa. Da dare ya yi ta ce masa to ita da yara su je ko na hutun makaranta ne su dawo. Ya ce za a duba. Ta san dalilin da bai faɗa ba: matar da ta taka Gumel da 'ya'yanta da wuya ta dawo, kuma bakinta zai faɗa wa mutane ainihin aikin Alhaji Basiru Riyad.

Ta dafa. Ta dafa kuma da kyau, don ba za a ci abincinta a ce ba daɗi ba, ko da abincin binne maganarta ne. Juma'ar da ta biyo baya miskinai suka iso, biyu daga ciki a motocin kafilansu, suna neman wurin fakin. Aka shimfiɗa leda, aka jera farantai, ƙamshi ya cika gida. Malam ya ƙirga kawuna ya ɗaure fuska. Tara ne, na goman kafilinsa ya kira shi aiki. Malam ya ce ba za a sa hannu a abincin ba sai an cika, in ba haka ba kaffara ba ta yi ba. Hankali ya tashi, ana ta danne-dannen waya, nama yana hucewa.

Sai labule ya ɗaga. Turai ta fito da mayafinta da ɗan kwanonta a hannu, ta zauna a bakin ƙofar kicin. Tunda suke zaman shayi a gidan ba su taɓa ganin ta fito ba.

"Malam, a ƙirga da ni," ta ce. "In takarda a hannun wani ce miskinanci, tawa a hannun mai takarda a hannun wani take."

Harouna ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Basiru ya ce, "Haba Turai." Malam Zainulabideen ya yi tari, ya dubi ƙasa, sannan ya ce cikin ladabi, Hajiya ta yi haƙuri, ba ya halatta. Matar mutum ciyar da ita wajibi ne a kansa tun asali, don haka ba ta shiga cikin miskinan kaffararsa.

"To," in ji Turai. "Ko a miskinan ma ban samu shiga ba."

Ta tashi ta koma ciki da kwanonta. Aka aika aka kira mai bakala, ɗan kantin da ke bakin layi, wani bawan Allah ɗan Bangladesh, ya zo ya ci kabsa bai san dalili ba, ya yi godiya ya koma shagonsa. Malam ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya sanar cewa rantsuwa ta warware. Da za su tafi kowa ya ce a gaya wa uwargida abinci ya yi daɗi.

Akwatuna suka koma kan kwaba. Turai ta cire bokitin daga ƙarƙashin mukayyif, ta kwance rumfar zanen ta mai da shi tsumma. Ba ta ƙara yi wa wardin magana ba. In ta yi wanke-wanke ta watsa ruwan wajen, in ya same shi to, in bai same shi ba shi ya sani. Basiru kuwa ba shi da sauran dalilin aski, almakashin ya koma gyaran gemu. Shi wardin bai san an yi kaffara ba. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ga yoyon tanki da ba a taɓa gyarawa ba, ya ci gaba da harkarsa.

Da sanyi ya sake ja da baya, sai ya yi abin da aka hana shi tun farko. Ba fure ɗaya ba, ba goma ba, tun daga ƙasa har saman bango, rassan har rinjaya suke yi. Da safe ƙamshin yakan fita layi ya danne warin baƙin man gareji. Mutane suka riƙa sallama don su gani. Matar kafili, wadda nata dashen duk suka mutu tun shekarar farko, ta ji labari ta sa a cika mata kwando. Aka daina zagayawa da zaman shayi, ya dawo gidan Basiru dindindin, a gindin wardi. Basiru yakan tsaya da kofi a hannu yana yi wa baƙi bayani cewa sirrin abin aski ne, shekara da shekaru yana yi masa, mutanen yanzu ne ba su da haƙuri.

Wata Juma'a da yamma mazan suna zaune ana wannan bayanin, Turai ta kira gida daga bakin ƙofar ɗaki. Buraima ya ɗauka ya miƙa wa tsohuwa. Iya Hansai ba ta kai wayar hancinta ba wannan karon. Ta riƙe ta a cinya, fuskarta tana kallon wani wuri gefe.

"An ce mai jikin naki ya warke," ta ce. "Juya min shi."

Turai ta juya wayar ta saita wardin. Ta daɗe a haka.

"Iya, kin gani?"

"Ina dai jin maza suna yabawa. Wane launi ne?"

Daga gindin wardin Basiru ya ɗaga murya ya ce a ƙaro ruwan zafi. Turai ba ta waiwaya ba.

"Ruwan hoda ne, Iya. Mai haske."

"To madalla, Allah ya yi albarka." Tsohuwar ta gyara zama, ta laluba ta jawo mayafinta. "Yanzu faɗa min yaran. Fara da Khairat. Da wa ta yi kama?"